Lemon Kankanar da Na Haɗa wa Surukina

A bazarar farko bayan aurenmu ina da ɗan shagon gyaran waya kusa da tashar Kankiya. Rufin kwano ne, daga hantsi zuwa la'asar ba mai zama cikinsa sai wanda ya zame wa dole. Ran nan na koma gida da azahar jiƙe da gumi, matata ta kawo mini zoɓo a kofi. Ya ji citta da kanumfari, ga ƙanƙara tana yawo a sama. Na shanye tas. Maimakon in yi godiya in yi shiru, sai bakina ya ce, "Da a ce yana da gas irin na lemon kwalba, da shi ke nan."

Ta karɓi kofin ta ce, "To ga madafi can, Malam. Ka sa masa."

Ita da wasa ta faɗa. Ni kuwa na riƙe maganar, don na taɓa ganin wani bidiyo a waya, wani mutum ya matse kayan marmari, ya zuba lemun tsami, ya barbaɗa wani farin gari, abin ya taso da kumfa. Ban ji yarensa ba, amma na ga hannunsa. Na kuma tuna yadda kanwa ke tashi in mahaifiyata ta jefa ta cikin ruwan tsamiya. Na ce a raina ai duk tafiyar ɗaya ce.

Na jiƙa kanwa ungurnu ta matata, na tuttula a sauran zoɓon. Ya taso kuwa, har ya haura bakin jug ya malala a ƙasa. Sai dai jan nan mai kyau ya tafi, ya koma baƙi-baƙi, shuɗi-shuɗi, kamar ruwan karofi. Na kurɓa don kar a ce ban kurɓa ba. Ruwan toka ya fi shi daɗi. Matata ta zauna a kan turmi tana dariya har da riƙe ciki.

"Kawo farar rigarka mu rina," in ji ta, "kar a yi asara biyu."

Washegari na tafi wurin mai sayar da kayan kek a bakin kasuwa, na ce soda nake so.

"Ta sabulu ko ta kek?"

"Ta sha."

Ya ajiye abin da ke hannunsa ya dube ni da kyau. "Malam, lafiya dai kuke da iyali?"

Sai da na yi masa bayani tun daga zoɓo har kanwa, sannan ya ƙulla mini ta kek a leda, ya ce bakin cokali ya isa kofi, kar in yi zari. Na biya wurin mai kankanar da ke kasa kaya a gefen shagona, ya ƙwanƙwasa ya zaɓo mini mai yashi. A gida na murje ta a rariya, na matse lemun tsami mai yawa, na sa sukari da ƙanƙara. Da na jefa sodar sai kofin ya ce shuuu, ƙananan ƙwayoyi suna tsalle suna fesa mini a fuska, launin kuma bai gudu ba. Matata ta kurɓa, ta yamutsa hanci, ta yi atishawa, ta miƙo kofin ta ce in ƙara mata.

Daga ranar kaina ya kumbura. Kullum na dawo sai na shiga gwaji, yau a ƙara tsami, gobe a rage sukari, wani lokaci in yanka mangwaro a ciki. Ranar da abin ya faru ma gwajin nake, na sha kofi bayan kofi har cikina ya yi tam kamar ganga, sai muka ji sallama a ƙofar gida.

Surukina ne, mahaifin matata. Manomi ne a Ƙofa, dogo, mai furfura a gemu, ba ya yawan magana. Ya shigo Kankiya neman iri kafin ruwa ya sauka, ya ce bari ya biyo ya ga ɗakin ɗiyarsa, ko da daga zaure ne. Tun da aka ɗaura aurenmu ban taɓa cin ko ƙwayar gyaɗa a gabansa ba, ban kuma taɓa haɗa ido da shi ba. Na tuɓe takalmi, na shimfiɗa masa tabarma, na tsugunna a gefe. Yana sanye da farar rigarsa ta fita unguwa.

Matata ta zo ta durƙusa ta gaishe shi, ta tashi kawo ruwa. Na hango ta ta ƙofar zaure ta wuce randa ta nufi jug ɗina. Na zare mata ido, na girgiza kai. Ta yi kamar ba ta gani ba. Ta cika kwanon sha, ta ɗebi soda da hannun mai kyauta, ta kawo yana ta tsuwa.

Baba ya yi bisimilla ya ɗaga kwanon kamar yadda yake ɗaga ƙwaryar fura a gona, bai sauke ba sai da ya ga ƙarshensa. Ya sauke a hankali. Idanunsa suka kawo ruwa, hancinsa ya motsa. Ya leƙa cikin kwanon.

"Mi aka sa ma ruwan ga?"

"Kankana ce, Baba," na ce.

"Kankana ni ma ina noma ta. Ban taɓa gamuwa da wadda ta cije ni a hanci ba."

Matata ta janye jiki ta koma ciki, ta bar ni da shi. Muka shiga gaisuwa. Shi tsugunno yana da ladabi, amma yana matse ciki, ni kuwa cikina cike yake da iska mai neman hanya. Ya tambayi iyali, na ce lafiya lau. Ya tambayi kasuwa, na haɗiye abin da ya taso, na ce da godiya. Ya tambayi mahaifana, na amsa da kai, gumi na bin ƙeyata.

"Ya zahi?"

Na buɗe baki in ce lokacinsa ne. Ban kai ƙarshen kalmar ba gyatsar ta ƙwace. Ba irin wadda ake rufewa da hannu ba ce, irin ta bunsuru ce, zauren kuma ya amsa mata. Na sunkuyar da kai ina duban tabarma, ina roƙon Allah ya tsaga ƙasa in shige.

Baba ya ɗaga kai yana nazarin rufin zauren kamar mai shirin saye.

"Azarar ga ta giginya ce?"

"Ta giginya ce, Baba."

"Tana ƙarko."

Yana rufe baki tasa ta iso. Ta fara daga ƙasa, ta tsaya, ta sake tasowa, kamar babur ɗin da ake ta bugawa da safe. Da ta ƙare ya shafa gemu ya ce, "Alhamdu lillahi." A bayan katanga na ji faranti ya faɗi, sannan takun gudu zuwa ɗaki.

Can ya gyara zama ya ce tun da ya ci ɗanwake a kasuwa da safe cikinsa ya ɗaure, ga shi yanzu ya ji sakayau. "Wanga ai magani ne," in ji shi. Ya ce tsohuwar, wato surukata, ta daɗe tana kukan kumburin ciki, a zuba masa ya kai mata. Ya jawo wani sabon ƙaramin galan da ya saya don man ja, ya miƙo mini.

Na san yadda abin yake hawa in ya ji soda. Na fara cewa, "Baba, ai shi in aka rufe shi..."

"Zuba dai, ɗana, rana na yi."

Wa zai tsaya gardama da surukinsa a zaure? Na shiga ciki na cika galan. Matata, idanunta jajur don dariya, ta ƙara soda, wai saboda nisa, kar ya huce a hanya. Na murɗa murfin iya ƙarfina. Ɗan acaɓar da ya kawo shi, wani magidanci ɗan garinsu, ya ɗaure buhun iri a gaba, Baba ya hau baya ya rungume galan a cinya, suka ɗauki hanyar Kusada.

Sauran labarin a bakin ɗan acaɓar na ji. Bayan kwana biyu ya shigo shagona ya ajiye wayarsa a tebur, madannanta duk sun manne.

"Kai ka ɓata ta, kai za ka gyara," ya ce.

Ina kwance wayar yana ba ni labari. Ya ce sun bar kwalta sun shiga inda ramuka suke, sai ya ji wani abu mai tauri yana tokarar bayansa. Baba ya ce masa abin ga ƙiba yake yi. Bai gama fahimtar maganar ba ya ji tau! Ya ɗauka taya ce. Ya taka birki, ya kai hannu baya, ya ji danshi, ya duba tafinsa ya ga ja.

"Wallahi na fara salati," in ji shi. "Na ce tawa ta ƙare. Na waiwaya in ga ko tsohon na da rai, sai na gan shi zaune ƙyam, galan a hannu ba murfi, gemunsa na ɗiga. Ya ce mini, ja mu tahi, kankana ce."

Ya ce ƙudaje suka raka su har Ƙofa. Da surukata ta ga mijinta a ƙofar gida, riga ja tun daga wuya har gwiwa, ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu. Maƙwabta suka firfito, wata har ta fara kuka, kafin wani ya matso ya sansana ya ce ƙamshin lemun tsami yake ji.

A ƙarshen makon muka shirya ni da matata muka tafi ba da haƙuri. Kafin mu tashi Baba ya sa aka kira ta a waya, ya ce a taho da kayan haɗin, amma kowanne a ledarsa. Na tarar da shi a gindin dalbejiya da ƙannensa biyu, ya riga ya ba su labarin maganin. Na tsugunna na fara jero ban haƙuri, ya ɗaga hannu ya ce ba laifina ba ne, laifin hanya ne. Ya sa aka kawo ƙwarya da rariya, na haɗa a gabansu, shi kuma yana gargaɗinsu su sha a hankali, yana hawa hanci.

Aka ɗebi kofi guda aka kai wa surukata ciki, tunda dominta aka yi duk wannan ɗawainiya. Ba a jima ba matata ta fito da shi a cike, ta durƙusa a gaban mahaifinta.

"Baba, Inna ta ce a gaya maka, abin da ya fasa galan ba zai shiga cikinta ba. Ta ce ita da kumburinta sun saba."

Baba ya karɓi kofin, ya dubi ƙannensa, ya yi bisimilla ya shanye rabonta.