Mahauci da Ɗan Kitsen Hanji

Duk layin nan babu wanda bai san Mahauci ba. Tun yana saurayi yake tsaye bayan teburinsa, yana sara ƙashi yana hira, ko ƙiftawa ba ya yi. Matarsa kaɗai ta san cewa ko ƙaya ce ta shige masa ƙafa, sai an danne shi kafin a cire.

Wata safiya ciwo ya soke shi a gefen ciki na dama, ya kasa miƙewa. A asibiti likita ya danna wurin, ya ce da alama afendis ne, wataƙila sai an yi aiki.

"Aiki da me?" Mahauci ya tambaya.

"Da irin kayan aikinka mana, Maigida," in ji matarsa.

Ya riƙe hannun likita gam. "Ɗana, ka dubi girman Allah ka sake dubawa."

Aka ɗauki hoton cikin. Likita ya dawo yana murmushi, ya ce afendis lafiyarsa ƙalau. Wani ɗan kitse ne a jikin hanji ya murɗe ya kumbura, abin da ba kasafai ake gani ba. Magani da hutu sun isa.

"Kitse?" in ji matar. "Alhakin masu saye ne. Wanda kake cusa musu ƙarƙashin tsoka ne ya biyo ka."

"Faɗi son ranki," ya ce, yana shafa cikinsa a hankali. "Ni dai da fatata zan koma gida, ba ɗinki."