Shafi na Goma Sha Bakwai

Ni na buga littafin nan da yatsuna, don haka ba wanda zai zo ya gaya mini darajarsa. Ina da ɗan shagon buga takardu da fotokopi a bayan kasuwar Agadez, ordinata ɗaya, wato kwamfuta, da inji ɗaya mai zafi kamar tanda. Nan wani mutum da gari ke kira Farfesa ya kawo mini kaye uku, wato littattafan rubutu, cike da rubutun hannunsa, ya ce in mayar da su littafi. Tambayoyi dubu ne da amsoshinsu: kogin da ya fi tsawo, ƙashi nawa ne a jikin mutum, ƙasar da ta fara ɗaukar kofin duniya, wanda ya fara taka wata. Irin sanin da ba ya ɗora tukunya, amma 'yan lakwal, wato ɗalibai, da masu neman aikin gwamnati ba su da yadda za su yi sai sun haddace shi.

Farfesa bai taɓa koyarwa a jami'a ba. Mai tsaron ɗalibai ne a wata makaranta har ya yi ritaya, sunan kuma shi ya raɗa wa kansa, mutane suka bi shi don a zauna lafiya. Kullum da tabarau rataye a wuya. Idan ya zauna fada, majalisar masu shan shayi, kafin shayin farko ya tafasa ya jefa tambaya, sannan ya ɗaga haɓa yana jira. Na sha ganin ya tsare direbobin da suka san kowace rijiya daga nan har Jado, can cikin hamada, da tambayar babban birnin Mongoliya. In suka yi shiru sai ya girgiza kai cikin tausayi, wai jahilci ya kashe mu. Shi kuwa ko hanyar Jadon ka nuna masa da yatsa, ba zai iya ce maka gabas ta yi ko yamma ba. Tun ranar farko jinina bai haɗu da nasa ba, amma aikinsa na da yawa, kuma ta hannunsa makarantu uku ke aiko mini takardun jarrabawa.

A shafi na goma sha bakwai akwai jerin ƙasashe a hagu, manyan biranensu a dama. Na gama buga ƙasashen, ina tsakiyar biranen aka ɗauke wuta. Da aka dawo da ita na ci gaba, ashe na tsallake birni ɗaya, Kanbera. Sai duk na ƙasa da shi suka hau sama da layi guda. Ostiraliya ta samu Biyana, wadda ta Ostiriya ce, Ostiriya ta samu ta maƙwabciyarta a layi, haka har ƙarshen shafin, inda Bahrain ta tsaya ba birni. Da ya zo dubawa, gurbin nan kawai ya gani. Bai tambayi dalili ba, bai buɗe kayensa ba. Ya ce, "Madam, goge ƙasar, ba wanda zai tambaye ta." Na goge. Ni ma ban duba ba, wannan kam ba zan ɗora wa kowa ba.

Shekara shida ana sayen littafin. Malamai sun saya, masu shirin jarrabawar shiga aiki sun saya, har wani mai shiri a rediyo yana karanto tambayoyi daga ciki. Kowa da waya a hannu, duniya gaba ɗaya na cikinta, amma ba a samu mutum ɗaya da ya ɓata minti guda ya duba ba. An ga abu a buge, da bango mai launi da hoton Farfesa ya dafe haɓa, shi ke nan ya zama gaskiya.

Wadda ta gano yarinya ce 'yar lise, wato babbar sakandare, ɗiyar maƙwabcinmu a unguwar Dagmanet. Ubanta direba ne. Da can masu yawon buɗe ido yake ɗauka, yanzu ruwa da kayan abinci yake kai wa masu haƙar zinariya. Cikin abin da baƙin nan suka bar masa akwai wani tsohon littafin taswira, bangonsa ya rabu, shi ta taso tana buɗewa. Wata rana da yamma ta shigo shago da littattafan biyu, ta shimfiɗa su kan tebur gefe da gefe. Tanti take kirana, kamar gwaggonta.

"Tanti, duba nan. Ɗaya daga cikinsu ƙarya yake yi."

Na duba, na buɗe ordinata na sake dubawa, sai na ga namu ne ba daidai ba. Ta ce mako biyu suka rage a yi gasar makarantun jiha, wanda ya zo na ɗaya shi za a kai Yamai, babban birnin ƙasa, ya wakilci Agadez. Ita ce makarantarsu ta tsayar. Ba ta taɓa fita daga garin nan ba, har ubanta ya sayo mata jakar tafiya tun ba a yi gasar ba. Babban alƙalin gasar kuwa Farfesa ne, da littafinsa.

Washegari na same shi na nuna masa. Ya ɗora tabarau, ya daɗe yana kallon shafin, kuma na rantse ban ga alamar ya san wace amsa ce daidai ba. Abin da ya gane shi ne sunansa na cikin haɗari.

"Madam, wa ya buga wannan?"

"Ni ce, Malam. Amma kai ka duba, kai ka ce in goge..."

"To ki riƙe bakinki. In maganar nan ta fita, c'est simple, abu ne mai sauƙi, zan ce ga wadda ta ɓata mini aiki, makarantu kuma su nemi wani shagon. Wa zai je Ostiraliya a garin nan?"

Ya cire tabarau ya tafi abinsa. Na bi bayansa da kallo, raini ya cika mini ciki. Da yarinyar ta dawo ta tambaye ni abin da za ta faɗa in aka yi tambayar, sai na ce mata tambaya dubu ce, ta kwantar da hankalinta, da wuya a faɗo kan wannan. Ta ce, "In an faɗo fa, Tanti?" Na ce ta faɗi abin da ke cikin littafin alƙali. Ta dube ni kawai, ta tattara littattafanta.

Ranar gasar na rufe shago na je. Babban ɗaki ne cike da iyaye da malamai, an karɓe wayoyin ɗalibai a ƙofa, an kuma karanta doka cewa hukuncin alƙali shi ne na ƙarshe. Farfesa ya sha babbar riga, ga ƙararrawa a gabansa. Yadda yake jan kowace tambaya sai ka ce shi ya haƙa kogunan, shi ya dasa duwatsun. Ba zaɓen tambayoyin yake yi ba, lambobi ake zarowa daga kwali. Aka yi ta zubar da yara har saura biyu, yarinyar da wani ɗalibi, makinsu ɗaya. Aka zaro lambar raba gardama. Da ya buɗe littafin na hango inda yatsansa ya tsaya, na san shafin tun daga nesa.

Yana da damar ya ce a zaro wata. Na ga ya ɗan dakata. Sannan ya gyara murya ya karanta: babban birnin Ostiraliya.

Ita ta fara ɗaga hannu. Ta ce, "Kanbera," da murya a sarari, ba rawa a cikinta.

Ya buga ƙararrawa. "Faux, ba daidai ba." Ya juya ga ɗalibin, shi kuma ya ce Biyana kamar yadda ya haddace, ɗakin ya ɗauki tafi. Malaman tarihi da na labarin ƙasa suna layin gaba, da su aka tafa. Yarinyar ta ce, "Malam, a duba taswira," ya nuna mata takardar doka da bakin alƙalami. Sai ta juyo tana neman fuskata cikin mutane, ta same ta. Kalma biyar daga bakina da sun isa: ni na buga, kuskure ne. Na sunkuyar da kai ina laluben jakata kamar na yar da wani abu a ciki.

Ubanta yana hanya a ranar. Da ya dawo ya ji, cewa ya yi Allah bai nufa ba, yarinya ta yi kuskure a gaban masu ilimi, ta ƙara ƙoƙari. Shi ma ya fi yarda da tabarau a kan littafin da ya kawo gida da hannunsa. Ban ji ta yi masa gardama ba. Jakar tafiyar ƙanwarsa ya bai wa.

Bayan wata biyu Farfesa ya aiko a sake buga littafin. Na gyara shafin, na mayar da Kanbera wurinta, na dawo da Bahrain, ban gaya masa ba. Yau shekara uku ke nan bai lura ba. Yana nan a fada yana jefa tambaya yana ɗaga haɓa, ni kuma ina nan ina buga wa makarantun uku jarrabawa, ba wadda ta janye.

Yarinyar ta gama lise. Takardunta na neman makaranta duk sai an yi musu fotokopi, kuma shagona ne mafi kusa da gida. Takan wuce ta bakin ƙofata da su a hannu, ta tafi can ƙarshen kasuwa cikin rana. Ba ta taɓa wuce ni ba gaisuwa, yarinya ce mai tarbiyya. Takan tsaya ta ce, "Ina wuni, Madam." Tun ranar gasar ba ta sake ce mini Tanti ba.