Sandar Tsoho Angus

Duk garinmu Akwesasne babu wanda bai ji labarin ranar da Marlene ta kori sandar wasan lakros, mai ragar cafe ƙwallo a kai, daga gadonta ba. Mijinta Orville Garrow koci ne na samarin wata ƙaramar kwaleji, kuma duk jajibirin wasa sai ya kwanta da sandar ubansa a tsakaninsu, wai ita ke kawo masa sa'a.

"Orville, ni ka aura ko itace?"

"Haba Marlene, ai ita ba ta minshari."

"Madalla. Gobe sai ta dafa maka miyar masara."

Mutumin da ke daka wa ƙattai tsawa su yi tsit, sai ga shi ya rungumi sanda sumui-sumui ya kai kwaleji. Aka sa ta a akwatin gilashi, kusa da kofi ɗaya tilo da ya taɓa ci musu.

Tun yana jariri aka sa masa 'yar sanda a shimfiɗa, kamar kowane ɗa namiji namu. Ya buga wasa har gwiwa ta ce ta gaji, sannan ya koma koyar da 'ya'yan masu hali, waɗanda suka ɗauka kakanninsu ne suka ƙirƙiro wasan, alhali namu ne, mu 'yan asalin ƙasar. Ya yi furfura a bakin fili, yaransa sun zama lauyoyi da likitocin haƙori, shi yana nan da tsohuwar motarsa mai tari. Sandar kuwa ubansa Tsoho Angus ne ya sassaƙa da hannunsa, ya lanƙwasa ta da tururi, ya saƙa ragarta da fata. Aro ya ba ɗan nasa. Orville ne dai ya manta.

Da Angus ya rasu, Gwaggo Cecelia ta leƙa akwatin gawa, ta juyo.

"Ina sandar yayana?"

Ta kafe Orville da ido. Mu ba ma binne namiji ba sandarsa, don can ma ana wasa, kuma magabata na jiransa a fili. Ga jana'iza washegari da safe.

"Tana kwaleji, Gwaggo."

"A gilashi, kamar kifin ado? To da bakinka za ka gaya masa."

Ya kama hanya cikin ƙanƙara, motar na tari, shi yana haɗa gumi. Ya sami sabon shugaban wasanni, Mista Whitcomb, mutum mai santsin hannu wanda bai taɓa cin duka a fili ba.

"Ina taya ka jimami, Koci. Amma duk abin da ke cikin gilashin nan kayan kwaleji ne. Sai kwamiti ya zauna, bayan hutu."

"Bayan hutu? Yallaɓai, gobe za a rufe shi."

"Ga sababbi cike da sito. Zaɓi wadda ka ga dama."

"Na roba? Ubana ya shiga gaban kakanninsa da roba?"

Orville da bai taɓa roƙon alƙalin wasa ba, ranar ya yi roƙo har muryarsa ta dushe. Ya ce a riƙe kofin, a cire hotonsa daga bango, a ba wani kujerarsa. Whitcomb sai gyara tabarau yake. Ana cikin haka Marlene ta bugo waya, tana kuka, tana cewa laifinta ne, Gwaggo kuma ta hana a rufe akwatin gawar. Orville ya tsaya yana kallon sandar ta cikin gilashin, ga shatin yatsun tsohon nan a jikinta, baƙi ƙirin.

"Koci, mu yi magana ta hankali," in ji Whitcomb. "Wanda ya mutu ai ya gama wasa."

Orville ya cire rigar sanyinsa, ya naɗe ta a dantse, ya matsa jikin gilashin da shirin fasa shi. Abin da ya faɗa shi ya fito da makulli daga aljihun Whitcomb ba shiri.

"Tsohona yana da wasa gobe, yallaɓai. Tunda nake koci ban taɓa tura ɗan wasa fili hannu rabbana ba. Kai za ka buɗe, ko ni?"