Tafireta da Mujallar Tsofaffin Motoci

Yayata ta yi shekara talatin da ɗaya tana buga takardu a ofishi ɗaya, a ɗaki ɗaya, a ƙarƙashin wata fanka mai kuka kamar akuya ta hango wuƙa. Tun tana budurwa aka zaunar da ita gaban wata baƙar tafireta mai nauyin buhun siminti, ba ta tashi ba sai da furfura ta cika mata kai. A nan sunanta na yanka ya ɓace. Tafireta kowa ke ce mata, daga masinja har manaja. Ni dai Yaya nake ce mata, don ina son kunnuwana.

Abin da aka san ta da shi, ba ta ragi ba ta ƙari. Duk abin da ya fito daga bakinka, shi za ka tarar a takarda. Akwai ranar da manajansu ke yi mata shifta, aka ƙwanƙwasa ƙofa, ya ce, "Ku ce masa ba na nan." Haka wasiƙar ta tafi da wannan layin a tsakiyarta, ga sa hannunsa a ƙasa. Da ya hau ta da faɗa ta ce, "Ranka ya daɗe, ni bugawa ce aikina. Karantawa kafin a sa hannu kuma aikin wani ne."

Da ta yi ritaya sai gida ya yi mata kaɗan. Cikin wata uku ta sa wa tukwane lamba, ta jera cokula daga babba zuwa ƙarami, ta buɗe wa kowane jika fayil. Ranar da mijinta ya nemi silifas ɗinsa ta ce ya cike takarda tukuna, ranar ya roƙe ni in yi mata magana. Na ce ko za ta koma makaranta. Da wasa na faɗa. Sati biyu bayan nan ta yi rajistar difloma ta aikin jarida a wata kwaleji da ke bayan tashar mota, tana da shekara hamsin da shida.

A layin gaba take zama, da matashinta na zama da ta taho da shi daga gida. Ɗalibai na ce mata Mama. Malaminsu kuwa ɗanta na fari ya girme shi, wani siriri mai tabarau da ake kira Jan Biro, saboda in takardarka ta bi ta hannunsa sai ta dawo kamar an yanka kaza a kai.

A shekara ta biyu Jan Biro ya ba su babban aiki. Kowa zai tsara mujalla mai shafi goma sha biyu, ya buga ta, ya ba mutum goma su karanta, ya ji ra'ayinsu, sannan ya rubuta rahoton abin da ya yi daidai da abin da ya kwaɓe. Aka rubuta batutuwa a ƙananan takardu aka zuba a kwali. Yaya ta zura hannu tana fatan ta ɗauko wani abu kan adana fayil. Ta ɗauko tsofaffin motoci.

Yaya ba ta taɓa riƙe sitiyari ba. A wurinta mota iri uku ce: ja, fara, da mai hayaƙi. Ta zaga ajin kaf tana neman mai musaya, kowa ya ce, "Haba Mama, ai tsofaffin abubuwa ke ya kamata su faɗa wa."

Wanda ya yi murna shi ne mijinta. Direba muke ce masa, don shekara ashirin da takwas ya yi yana tuƙa manyan wani kamfani. A bayan gidansu yana da wata tsohuwar mota ruwan toka, mai ƙusumbi kamar kunkuru, da yake kira Sannu-Sannu. Shekara goma sha tara tana zaune a kan bulo huɗu, babu taya ko ɗaya, amma duk Asabar sai ya wanke ta, ya goge gilashi da tsohuwar jarida. Ka tambaye shi, ya ce, "Batir kawai take jira."

Da shi Yaya ta fara hira. Ta fito da tafireta tsakar gida ta aza a kan tebur, ni kuma na ja kujera don na san za a yi kallo.

"Baban yara, a wace shekara ka sayi motar nan?"

"Shekarar da na tsere wa jirgin ƙasa da ita."

"Jirgin yana tafiya ne ko yana tsaye?"

"Wannan ba tambayar ɗan jarida ba ce."

Ya ba da labarin yadda ta taɓa ɗaukar mutum goma sha ɗaya da keken ɗinki, da yadda ta haye kogi ruwa har wuyan direba. Can da hira ta yi daɗi, sai ya rage murya ya ce gaskiya ba batir ba ne. Wata rana ce ya kwance kafireta, wato mahaɗar mai da iska ta injin, da kansa don ya nuna wa makanikai bai buƙatarsu, da ya mayar sai ya ga sauran kusoshi uku a hannunsa. Tun ranar ba ta sake tashi ba. Kusoshin suna nan a aljihun tebur, a naɗe cikin safa.

"Kada ki sa wannan," in ji shi.

Yaya ta gyaɗa kai, yatsunta na ta aiki.

Sunan mujalla ma sai da aka yi gardama. Direba ya ce a sa Sarauniyar Titi. Yaya ta ce a'a, za ta sa A Tura, don tun da ta yi aure babu kalmar da ta fi ji game da mota kamar wannan.

Sai maganar hoton bangon mujalla. Jan Biro ya ce dole motar ta fito a wuri mai kyau, ba a bayan gida kusa da igiyar shanya ba. Direba ya aro tayoyi daga wurin abokansa huɗu, kowace da girmanta. Da aka sauke Sannu-Sannu daga kan bulo sai ta karkace gefe guda kamar mai ciwon ƙugu. Muka taru da maƙwabta muka tura ta har gaban farin ginin ɗakin karatu da ke ƙarshen layi. A hanya muka gano akwai kaza tana kwanci a kujerar baya. Direba ya miƙa hannu, ta sare shi. Mai hoto ya miƙa, ta sare shi. Aka ƙyale ta.

Mai hoto ya duba, ya duba, ya ce shi dai ba zai ɗauki karkatacciyar mota ba, sunansa zai ɓaci. Sai ya karkata kyamara. Mota ta fito a miƙe sumul, ginin da ke bayanta ya kwanta kamar zai faɗi, ga kaza ta leƙo ta taga tana hararar duniya.

Tsara shafuka a kwamfuta kuwa yaƙi ne. Yaya ta saba da tafireta mai taurin kai, don haka duka take yi wa maɓallai, har biyu suka yi tsalle suka bar wurinsu. Ta kai wa Jan Biro gwajin farko. Ya buɗe shafin edita ya karanta da ƙarfi: "Mai girma mai karatu, bisa ga batun da ke sama, ina mai sanar da kai cewa akwai tsofaffin motoci."

"Mama, mujalla ce fa, ba takardar neman hutu ba. Kuma kin cika ko'ina da rubutu. Ki bar fili, shafi ya yi numfashi."

"Malam, shekara talatin da ɗaya ina tare da takarda, ban taɓa jin ta yi ko atishawa ba."

Duk da haka ta bi maganarsa. Ta ƙara girman hotuna, ta rage rubutu, ta cire lambar fayil da ta sa a saman kowane shafi, tana yi tana tsaki. Hirar Direba ce kawai ta ce ba mai taɓa mata. Aka buga kwafi goma sha biyu a wata ƙaramar maɗaba'a, suka fito da ƙamshin tawada. Yaya ta riƙe na farko ta daɗe tana shafa bangon.

Sauran ɗalibai 'yan gidansu suka ba su karanta. Yaya ta ce ita masu abin za ta kai wa. Ta ja ni muka tafi babban garejin da ke bayan kasuwa, inda ƙasa ta zama baƙa don baƙin mai. Shugaban wurin wani dattijo ne, Baba Sifana, mai yatsu tara. Ya tara makanikai tara, shi ne na goma, suka zauna a kan tsofaffin tayoyi. Yaya ta raba mujalla da takardar tambayoyi, ta tsaya a kansu kamar mai gadin jarrabawa.

Kowa ya duƙufa yana buɗe shafuka. Sai Baba Sifana ya ɗago shafi na shida, inda aka sa babban hoto da rubutu a ƙasa, Zuciyar Tsohuwar Mota.

"Hajiya, ina kika samo wannan?"

"A nan garejin na ɗauka, can kusa da katanga."

"Wannan injin famfon ruwa ne. Shi muke wanke motoci da shi."

Dariya ta ɓarke. Wani ya faɗo daga kan taya. Ni na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Yaya ko gezau, ta ciro biro ta ce, "Maimaita a hankali, Baba, in rubuta."

Da suka iso hirar Direba kuwa, aiki ya tsaya a garejin gaba ɗaya. Ga labarin kusoshi uku daki-daki, ga safa, ga kuma layin ƙarshe: Kada ki sa wannan. Baba Sifana ya yi dariya har hawaye, ya share da bayan hannu, fuskarsa ta yi baƙin mai. Sannan ya ce, "Irin motar nan a kanta na koyi aiki. Na san kusoshin nan kamar yunwar cikina. Ki ce masa muna tafe ranar Asabar."

Direba kwana uku bai yi wa Yaya magana ba, sai dai ya ce da ni, "Ki gaya wa yayarki ta miƙo gishiri." Amma ranar Asabar tun da hantsi ya fito da safa. Makanikai shida suka zo da batir da jarkar mai, suka tarar da motar a gida, tayoyin aro har yanzu a ƙafafunta. Baba Sifana ya kwance kafireta, ya hura, ya mayar da kusoshi a gurbinsu, ya ce a murza makulli. Sannu-Sannu ta yi tari, ta yi tari, ta saki hayaƙin da ya kori kowa daga tsakar gida, sai ta kama. Direba ya sa giya. Maimakon gaba sai ta yi baya, taku tara cif, ta tsinke igiyar shanya, ta mutu da zanin gado a kanta. Muka ruga. Muka tarar da shi riƙe da sitiyari yana kuka yana dariya.

"Kun ji muryarta?" yake ta cewa. "Kun ji muryarta kuwa?"

Ranar da ɗalibai za su kare aikinsu a gaban malamai na zauna a bayan aji. An gayyato wata tsohuwar malama daga wata makaranta don ta taya Jan Biro ba da maki. Ɗalibai suka yi ta fitowa, kowa ya ce mutum goma sun karanta, mutum goma sun yaba. Sai Yaya ta miƙe ta gyara tabarau.

"Na tambayi masu karatu abin da ya fi burge su. Bakwai sun ce kaza. Biyu sun ce tonon asirin mijina. Ɗaya bai amsa ba, don ya riga ya naɗe kusoshi da shafin tsakiya, amma ya ce takardar tana da ƙwari. Hoton shafi na shida ba na mota ba ne. Ginin da ke bango ba ya faɗuwa, mai hoto ne. Mutum huɗu sun ce rubutun ya yi ƙanana ga mai baƙin mai a ido. Abin da mujallar ta jawo kuma, mota ɗaya ta yi tafiyar taku tara, da baya."

Baƙuwar malamar ta kifa kai a kan tebur, kafaɗunta na rawa. Da ta ɗago ta ce shekara ashirin tana sauraron irin wannan rahoto, yau ne karo na farko da ta yarda an tambayi wani mahaluki da gaske. A tsarin shafuka aka ba Yaya maki na tsaka-tsaki. A rahoton auna aiki babu wanda ya kamo ƙafarta. Ta karɓi takardar sakamako, ta duba, ta nuna wa Jan Biro inda ya manta waƙafi.

Yanzu kusan shekara biyu ke nan da gama makarantarta. Duk Talata da Alhamis tana garejin Baba Sifana, sun kafa mata benci a gindin bishiya, tana rubuta tarihin tsofaffin makanikai ɗaya bayan ɗaya. Sun saba da ita, har in mutum zai yi ƙarya sai ya fara duba ko biro na hannunta. Ita kuma ta fara jin kanta masaniyar mota.

Kwanan baya na ɗauke ta a tawa motar za mu je dubiya. Muna hawa titi ta ɗaga hannu ta ce in yi shiru. Ta kasa kunne, ta lumshe ido.

"Kin ji wannan ƙarar? Fanbel ne, bel ɗin fankar inji. Kada ki ƙara taku ɗaya, mu wuce gareji."

Muka wuce. Makanikai uku suka buɗe gaban mota, suka shiga ƙarƙashi, suka girgiza ta hagu da dama. Can Baba Sifana ya buɗe ƙofar da Yaya ke zaune, ya zura hannu a aljihun ƙofar, ya fito da cokalin shayi.

Yaya ta karɓa, ta juya shi, ta dube ni.

"To, ba gara da muka zo ba? Da yanzu kina can kina zargin fanbel."