Malama Saratu da Kwalabenta Biyu

Ina cikin keke a hanyar kasuwar Kafanchan, ranar Talata da hantsi, matata ta kira ni ta ce, "Baban Ladi, Malama Saratu ta huta." Da jin labarin rasuwar na sauka, na tsaya bakin hanya na rasa inda zan nufa.

Ita ce ta koya mana kimiyya a aji biyar na firamare, a makarantar da ko ɗakin gwaji babu. Wata rana ta shigo da kwalabe biyu na ruwan rijiya. Ta zuba gishiri a ɗaya, yashi a ɗayar, ta girgiza, ta ajiye su a bakin taga. Kafin a tashi tara yashin ya kwanta a ƙasa, gishirin kuwa ko alamarsa babu. Ta tace su da farin ƙyalle: yashi ya tsaya, gishiri ya wuce, sai da muka ɗanɗana muka yarda. Ta ce, "Abin da ya narke ba ya kwanciya, ƙyalle kuma ba ya tare shi. Wanda ya kwanta, da ma bai narke ba."

Ba ta dukan yaro don ya kasa amsa. Sai ta miƙa masa kwalba ta ce, "Kada ka yarda da bakina, duba da idonka."

Bayan ta yi ritaya, 'yata Ladi ta kwanta da ciwon ƙirji. An ba mu maganin gari wanda ake haɗawa da ruwa, kwana uku muna ba ta, ba sauƙi. Malama ta biyo daga coci ta duba mu. Ta ɗaga kwalbar maganin, ta ga garin ya daskare a gindi.

"Ishaya, ka manta darasina? Wannan ba ya narkewa. Ruwan sama kawai kuke ba yarinyar nan!"

Ta girgiza da kyau, ta tasa mu gaba muka koma asibiti. Aka sake mana sabo, mako bai cika ba Ladi ta miƙe. Yanzu tana jami'a. Da na je godiya, Malama ta ce in bar dogon zance, in kama mata akuyarta da ta tsinke igiya.

Ubangiji ya yi mata jinƙai, ya karɓe ta cikin hutunsa. Ya ta'azantar da 'ya'yanta da jikokinta, ya riƙe Baba, mijinta, wanda yau zai zauna a ƙofar gida shi kaɗai. Amin.