Yadda na fito da injin markaɗena

Shekara biyu bayan gobarar babbar kasuwar Jos, a daminar da 'yata ta fari ta haifi tagwaye, mijina ya yi mini saki na uku. Shi icen rufi yake sayarwa a kasuwar Katako, ni kuwa ina da injin markaɗe a zauren gidanmu. Ban yi kuka ba. Na gama iddata a ɗakina, na ɗaure kwanukana, na kira masu amalanke su kwance inji. Sai ga shi ya tokare ƙofar zaure.

"Wannan kuma ina za shi?"

Na ce, "Inda mai shi za ta."

Ya ce, "Inji kayan maza ne. Ki kai ƙara in kin ga dama."

To, na ga dama.

Alƙalin dattijo ne mai sanyin murya, ya yi mana bayani dalla-dalla. Idan aure ya mutu aka yi jayayya a kan kayan gida, abin da aka san mata da shi, irin tukwane da zannuwa, na mace ne. Abin da aka san maza da shi na miji ne idan ya rantse, sai fa in matar ta kawo shaida. Inji kuwa, a ganinsa, na maza ne.

Na ce, "Allah gafarta malam, awakina na sayar, da 'yan kunnen da na gada wurin uwata, na sayi injin nan. Dubi hannuna, baƙin mai ya ƙi fita daga farcena."

Ya ce, "Baiwar Allah, farce ba shaida ba ne."

Ya sa mana rana: ko in kawo shaida, ko mutumin ya dafa Alƙur'ani ya tafi da inji. Da wannan inji nake ci nake sha, in ya tafi sai zaman jiran abin da suruki zai miƙo mini. Ga shi kuma na san taurin kan uban 'ya'yana, zai rantse. Ni kuwa ba zan bari 'ya'yana su tashi da uban da ya rantse a kan ƙarya ba.

Wanda ya sayar mini da injin wani Ibo ne, kuma tun rikicin Jos ya rufe shagonsa na unguwarmu. Na bi makanikai ɗaya bayan ɗaya ina tambaya, har wani ya ce ya gan shi a unguwar Daɗin Kowa, can wajen mutanensu. Ƙanena ya ce, "Yaya, ki haƙura, gari bai gama lafawa ba." Na ce masa ya riƙe haƙurin, zai yi masa amfani. Na yafa gyalena na hau tasi.

Na same shi a tsugune yana ɗaura wa wani inji bel. Ya ɗago ya ƙura mini ido, sai ya fashe da dariya.

"Mama, kai ne? Kai da ka hana ni cin abincin rana da ciniki!"

Na faɗa masa abin da ya kawo ni. Dariyar ta ɗauke. Ya ce shi fa tun ranar da ya kwashe kayansa bai sake taka wajenmu ba, matarsa ma ba za ta yarda ba.

Na ce, "Ni na tako naku, wa ya cinye ni? Ni zan zo in ɗauke ka, ni zan mayar da kai. Wanda zai taɓa ka sai ya fara da ni, kuma ka san bakina."

Ranar shari'a muka shiga tare. Uban 'ya'yana ya riga ya yi alwala, hannun rigarsa a naɗe. Ibon nan ya rusuna ya gaishe shi.

"Oga, sannu. Ka tuna ranar da kuka zo? Ka ce madam kar ya saya, ruɓaɓɓen ƙarfe ne. Har ka fita ka bar shi yana biya."

Kotu ta ɗauki dariya, magatakarda ya tsawatar. Uban 'ya'yana ya dubi Alƙur'anin da ke kan tebur, ya dubi ƙasa. Can ya warware hannun rigarsa.

"Allah gafarta malam, a ba ta abinta. Dama ƙararsa ta ishe ni."

Alƙali ya tambaye shi ko ya janye ke nan, ya ce ya janye. Sai da na mayar da shaidata har ƙofar shagonsa, na gaisa da matarsa, sannan na koma neman masu amalanke. Kafin la'asar inji ya bar zauren nan, washegari yana niƙa tattasai a shagon da na kama.

Cikin waɗanda suka zauna a kotun ranar, alƙali ya rasu, uban 'ya'yana ma ya rasu, Allah ya jiƙansu. Ƙanena yana nan yana fama da ƙafa. Ibon yana nan da ransa, ya tsufa, ɗansa ke riƙe da shago. Sai ni.