Shekarar da Albasar Barnaba Ta Ƙi Yin Kai

Shekara goma sha bakwai ina sayar da buhuna a jikin shagon Barnaba a kasuwar Jega, saboda haka idan na ce na san shi, ba a bakin mutane na ji ba. Mutumin ƙasar Zuru ne, Kirista. Da ƙuruciya ya zo garin nan yana dako a tasha, ya wayi gari yana da babban shago da ma'aikata shida da wakilai a Aliero da Maiyama. Irin albasa yake sayarwa, kuma ba sari yake yi ba, shi yake yin abinsa. Kowace shekara sai ya zaɓi manyan kawuna ya dasa a fadamarsa, su yi fure, ya yanke, ya sussuke, ya sheƙe, ya zuba a ƙananan buhuna da nake ɗinke masa bakinsu da jan zare. Manomi in ya ga jan zaren nan ba ya ƙara tambaya. Har 'yan ƙungiyar masu iri, waɗanda duk Musulmi ne in ka cire shi, suka naɗa shi shugaba, suka ce shi ne mudunsa ba ya da rami.

Mutum ne mai taurin kai kamar jakin Kano. Ranar Lahadi ko kasuwa za ta kama da wuta ba ya buɗe shago. Nakan ce masa, "Barnaba, kai dai cocin ga taka ita ta za ta tsiyata ka." Shi kuma ya ce, "Haliru, barcin da kaka yi bayan azahar ya hi Lahadina tsawo." Haka muke.

Daminar shekara biyu da suka wuce gulbi ya yi ambaliya, ruwa ya shiga ɗakin ajiyarsa ya kwana uku. Da aka buɗe, irin shekara guda ya tsiro a cikin buhuna, fari fat kamar gemun tsoho. Saura wata ɗaya manoma su fara yafa iri, ga mutane tun daga Jandutsi har ƙauyukan Maiyama suna jiransa.

Sai ga wani baƙo da mota, ya ce yana da iri mai kyau. Barnaba ya gwada shi yadda kowa ke gwadawa a nan: ya ɗebi kaɗan ya ƙulle a jiƙaƙƙen tsumma, bayan kwana biyar ya kwance, ya ga duk ya tsiro. To, tsumma yana faɗa maka iri zai fito, amma ba ya faɗa maka ko zai yi kai. Barnaba ya fi ni sanin haka. Kunya ce ta hana shi ce wa mutane bana ba shi da iri. Ya saye, ya ce in ɗinko buhuna da jan zare. Na san ba nasa ba ne, na ɗinka, ban ce uffan ba. Wannan abu har yau yana cina.

Albasa ta fito gwanin sha'awa. Ganye kore shar, tsayi har gwiwa, manoma suna ta zuba taki da fetur na ban ruwa. Wata uku, wata huɗu, aka tona, babu komai a ƙasa sai wuya mai kauri kamar na lawashi.

Ɗantsoho, wani dattijo daga Jandutsi wanda ya shekara ashirin ba ya sayen irin kowa sai na Barnaba, shi ya fara zuwa. Ya sauka daga babur da dami guda, ya yar a ƙofar shago, mutane suka taru.

"Jama'a, abu guda za ni tambaya tai," in ji shi, yana nuna Barnaba ga jama'a. Sannan ya juyo. "Irin ga da kab ba ni, na hannunka na?"

Da Barnaba ya ce ƙasa ce ko ciwo ne, da akwai masu yarda. Sai ya tashi tsaye ya ce, "Ba nawa ba na, Baba. Saye niy yi, nis sa cikin buhuna."

Ɗantsoho bai zage shi ba, kuma da ya zage shi da ya fi sauƙi. Ya dube shi kawai ya hau babur.

Daga nan duniya ta juya masa baya. Ƙungiya ta sauke shi. Wakilinsa na Aliero ya goge sunansa daga jikin rumfa. Ya sayar da motarsa da injin ban ruwa, ya saya wa waɗanda suka fi shiga uku hatsi, wasu suka karɓa, wasu suka mayar masa da buhun har ƙofar gida. Ma'aikata suka watse. Ni kaina na ja tabarmata na matsa gaba kaɗan, kada laifin ya shafe ni, alhali da hannuna a ciki.

Wata rana na ji fastonsu yana lallashinsa a shago, yana cewa gwaji ne daga Allah. Barnaba ya ce, "Ruwa Allah yak kawo, wannan na yarda. Amma buhu ni nic cika shi. Ba ni ɗora ma Allah abin da niy yi. Roƙona guda, kada Ya bar ni in mutu da sunan ga." Ni kuma na sunkuyar da kai ina ta jan zaren da babu allura a jikinsa.

Matarsa Briskila ta ce su koma Zuru, ko banza can akwai masu amsa musu gaisuwa. Ya roƙe ta ta ba shi shekara guda. Ya tafi Aliero neman kawunan dashe, duk rudun da ya je, wato rumfar ajiyar albasa, sai a ce an sayar. A ƙarshe a tarin da aka ware don zubarwa ya tsuguna yana tsintar masu sauran rai, mutumin da a da ake shimfiɗa wa darduma. Ya dasa su, ya riƙa ban ruwa da bokiti, yana da shekara sittin da ɗaya. Na je fadamar sau ɗaya na same shi durƙushe a bakin fangali, wato ɗan yankin da ake kewayewa da ƙasa don ban ruwa, idanu rufe, baki yana motsi, tafin hannunsa duk ya tsattsage. Na juya na koma kasuwa.

Tiya huɗu na iri ya samu. Bana da lokacin yafa iri ya zo, ya zuba shi a faranti ya zauna a ƙofar shago. Mako ɗaya, mako biyu, mako uku. Mutane suna wucewa su sayi na wasu a gabansa. Irin albasa kuwa ba ya jiran baɗi, in ya wuce lokacinsa ya mutu. Briskila ta riga ta ɗaure kaya, ta ce ƙarshen wata mota za ta zo. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa, amma kullum da safe, ban da Lahadi, sai ya buɗe shago, ya yi addu'arsa, ya ce mini, "Haliru, yau ma Allah na nan." Wallahi wani lokaci haushi maganar take ba ni.

Saura kwana huɗu wata ya ƙare sai ga Ɗantsoho. Ya daɗe tsaye a kan farantin. Ya ɗebi irin ya murza, ya shinshina.

"Wanga hwa?"

"Nawa na, Baba. Da hannuna."

"Hakanan kac ce ma mutane wancan karon."

"Wancan karon ba ku tambaye ni ba sai da ta ɓaci. Yanzu kun tambaya."

Ɗantsoho ya mayar da irin cikin faranti. Can ya ce, "Fangali guda za ni ba ka, can gehen gona. Guda. Ɗiyana sun ce in nis sake ɗaukar irinka na haukace. Auna min gwangwani."

Barnaba ya cika gwangwanin, garin miƙa masa ya karkace, rabin irin ya zube a ƙasa. Ya durƙusa a tsakiyar kasuwa yana tsintarsa ƙwaya ƙwaya daga cikin rairayi, hawaye na ɗiga a bayan hannunsa, Ɗantsoho yana tsaye yana jira. Na ajiye allurata na durƙusa kusa da shi, muka ci gaba da tsinta.